Taswira a Tafin Hannun Amarya

A gidanmu na Greensboro, a Amurka, Mama ce mai kwaɓa lalle, ni ce mai yanka salatif. Haka muka raba aikin tun ina sakandare, lokacin da idonta ya fara gajiya da ƙananan zane. Jan lalle irin namu ba zana shi ake yi kai tsaye ba. Salatif ake shimfiɗawa a bayan farantin tangaran, a yanka shi da reza yadda ake so, a ɗaga a manna a fata, sannan a shafe da kwaɓin lalle a ɗaure da leda. Inda salatif ya rufe, fata za ta fito fes. Inda aka bari a buɗe, nan ne zai yi ja. Don haka kafin in sa reza sai na tambayi kaina me zan rufe, me zan bari. In an ɗaure kuwa magana ta ƙare. Daga Kano ake aiko wa Mama lallenta, kuma in ya kama tafin hannu sai ya yi makonni, sabulu ba ya yi masa komai.

Ina da ƙawa Bafalasɗiniya. A jami'a muka haɗu, a kujerun baya na wani aji da ake karanta waƙoƙi, mu biyu ne kawai masu ɗankwali. Ita ta gama ta samu aiki a wani ofishin lauyoyi da ke tsakiyar gari kusa da kotu, ni kuma na ci gaba da karatu. Nakan sauka a tashar bas in taka zuwa Elm Street mu sha shayi a lokacin hutunta. A can ta gaya mini an sa ranar aurenta. A can kuma ta buɗe tafin hannunta na dama a kan tebur ta ce, "Lallenku nake so, wanda ba ya fita da wuri. Ki yi mini fure a ƙafa, hannun hagu ki yi abin da kika ga dama. Amma a nan ƙasarmu nake so."

Na amsa mata da murna. A zatona na san surar, don na sha ganinta rataye a sarƙar wuyan 'yan mata, doguwa mai tsini a ƙasa kamar wuƙa. Har na fara hango yadda za ta kwanta a hannun, kanta a gindin yatsu, tsininta yana gangarawa wajen wuyan hannu.

Washegari da safe na buɗe waya don in kwafi surar daidai, sai na tarar ba ɗaya ba ce. Ga doguwar da na sani, daga kogi har teku, kuma abin da ya ba ni mamaki, wannan surar ce dai wasu ke ratayawa a wuya suna kiranta Isra'ila. Ga wata mai gida biyu, babban yanki a gabas mai kama da ƙwayar wake, wato Gaɓar Yamma, da siririn Zirin Gaza a bakin teku, ba sa taɓa juna. Ga kuma ta uku, inda babban yankin ya zama kamar ganyen da tsutsa ta ci, duk huda, saboda matsugunan Isra'ilawa da hanyoyinsu da katanga. Birnin Ƙudus kuwa yana zaune a kan layi, kowace taswira tana jansa gefenta. Na daɗe ina kallo har shayina ya huce.

Na kira ta na ce, "Wacce a ciki?"

Ina jin ƙarar injin buga takardu a bayanta. Can ta ce, "Tambayar da nake gudu ke nan."

Sai ta ba ni labarin gidansu. Kakarta ta wajen uba, wadda suke kira Sitti, a wani ƙauye kusa da teku aka haife ta, aka fito da ita tana ƙarama lokacin yaƙin da ya kore su. Ƙauyen ba ya cikin Gaza, ba ya cikin Gaɓar Yamma. Yau cikin Isra'ila wurin yake. Babanta kuwa, mai kantin magani, a sansanin gudun hijira ya tashi, kuma tun yana saurayi ya tsaya a kan cewa ƙasashe biyu ne mafita. Gida ɗaya suke zaune da tsohuwar a unguwar Sedgefield, amma tun da yaƙin Gaza ya ɓarke ba su ƙara kallon labarai a ɗaki ɗaya ba. Da suka ji zancen taswira, kakar ta ce in aka bar ƙauyenta a waje ba za ta zauna wajen lallen ba, alhali a al'adarsu ita ce za ta fara ɗora lalle ta ja waƙa. Uban ya ce in aka zana doguwar, ba zai riƙe wannan hannun ya shigar da ita zauren biki ba.

Na ce, "To ki haƙura da taswira mana, in cika miki hannun da fure."

Ta ce, "Ina da 'yan uwa da ke kwana a tanti. Ba zan iya tsayawa ana yi mini kiɗa da hannu mai fure kawai ba. Kuma su biyun nake so a wurin, ba ɗaya ba."

Da na kai wa Mama labari tana tankaɗe garin lalle ne, maƙwabciyarmu, wata Anti 'yar Nijar da ke kai mu wajen aiki a motarta, tana zaune tana cin gyaɗa. Mama ta ajiye rariya ta ce, "Ikon Allah. Mu da aka kira ƙunshi, sai a miƙo mana rabon ƙasa? Auta, ina ruwanki?"

Anti ta ce da bakinsu na Nijar, "Bon, ki yanka musu Nijar. Kamar gasasshiyar kaza take, kowa ya yi dariya a tashi lafiya."

Mama ta ce, "Ke dai bari. Layin da ya raba Katsina da Maraɗi wa ya tambayi iyayenmu?" Ta ci gaba da tankaɗe. Ba ta ce in yi ba, ba ta ce in bari ba.

Sai na yanka duka biyun, ta kakar da ta uban. Na shimfiɗa baƙin salatif mai faɗin tafin hannu a farantai biyu. A na farko na buɗe doguwar taga ɗaya. A na biyu na buɗe tagogi biyu. Ta ukun mai huda-huda ban ma gwada ba, reza ba za ta iya ba, kuma zuciyata ba ta so. Na rufe farantan da kyalle.

Ranar lallen zafi ake yi mai nauyi, hadari ya taru ya ƙi zuba. Anti ta yi fakin a ƙofar gidan su amarya, can bayansa ana hango koren filin wasan golf, shiru kamar ba a duniya ɗaya muke da labaran waya ba. A falo mata sun taru, gwaggonni da 'yan uwa. Kakar na kan kujera mai hannu, sanye da baƙar riga mai jan aikin allura a ƙirji, sandarta jingine a gefe. Na durƙusa na gaishe ta, ta riƙe haɓata ta ce, "Ke ce mai rezar?" Na ce, "Ni ce, Hajiya."

Da ƙafa muka fara. Na manna furanni, Mama ta shafe, muka ɗaure da leda muka sa safa. Muka yi hannun hagu. Ana ta hira ana miƙo gahawa da dabino, amma hirar ba ta da nauyi, kowa na satar kallon farantan da ke rufe a gefena. Da muka gama hagu sai ya rage dama kawai. Amarya na zaune a ƙasa kan darduma, ƙafafu a miƙe cikin leda, hannun dama a kan cinyata, buɗe.

A lokacin babanta ya shigo, da rigar aikinsa a jiki. Bai kamata namiji ya shigo wurin ba, kuma ya sani, don a bakin ƙofa ya tsaya. Ya gaida Mama, "Hajiya, sannunku da aiki." Sannan ya dube ni ya ce, "'Yata, nuna mini abin da kika yanka."

Na ɗage kyallen. 

Kakar ta sunkuyo ta duba, ta nuna doguwar da yatsa. "Wannan."

Ya ce, "Umma, ki saurare ni. Biki zai wuce ta koma ofis. Da wannan hannun za ta riƙa miƙa wa mutane takardu. Akwai waɗanda in suka gani ba ƙauyenki za su gani ba. Gani za su yi an ce su da 'yan uwansu ba su da wurin zama. Matar da suke tebur ɗaya, ɗan ƙanenta na cikin waɗanda aka kashe ranar da aka kai hari Isra'ila."

Kakar ta ce, "Namu da ke ƙarƙashin rusassun gidaje a Gaza fa? Su ba su da gwaggonni?"

"Da su nake kwana, da su nake tashi. Kin sani."

"Kai da shugabanninka. Tun kanka yana baƙi suke cewa ƙasa na nan tafe. Sun samu tuta, sun samu jan kafet, sun samu motoci masu jiniya. Ina ƙasar?"

"Ba shugabannina ba ne. Tsofaffin da suka ƙi yin zaɓe a gefe guda, masu bindigar da suka jawo wa mutane wuta a ɗaya gefen, ban zaɓi ko ɗaya ba. Amma ƙasa sai da iyaka, Umma. Wannan ce iyakar da duniya za ta iya sa wa hannu. Ga shi ƙasashe suna ta amincewa da mu."

"Sun amince da me? Da abin da ake gutsura kullum suna kallo? Je ka duba Gaɓar Yamman taka mai kama da wake, ka ga abin da ya saura."

Wata gwaggo ta ce, "Don Allah ku bari, yau ranar farin ciki ce." Babu wanda ya kula ta. Suka koma Larabci, da sauri, har na daina tsintar komai sai sunan Ƙudus da ke faɗowa jefi-jefi. Tafin hannun ƙawata ya jiƙe da gumi a kan cinyata. Na goge da tishu, ya sake jiƙewa. Salatif ba ya kama fata mai gumi, wannan kawai nake iya tunani.

Mama ta matso ta ce da ni a hankali, da Hausa, "Auta, kwaɓin nan bushewa yake. In ya bushe ba zai kama ba. Su yanke shawara ko mu rufe kwano mu tafi. Ba mu zo a yi da mu ba."

Kamar ta ji, sai kakar ta juyo kaina. "Ke mai reza. Ke baƙuwa ce, ba ki da rabo a ciki. Wacce ce ƙasarmu?"

Duk idanun falon suka dawo kaina. Na yi karatu a kan wannan rigima, na rubuta jarrabawa a kanta, amma ba wannan ne ya zo bakina ba. Na ce, "Hajiya, ni abin da aka ce in rufe nake rufewa, abin da aka ce in buɗe in buɗe."

Ta ce, "Haka duk masu ja mana layi suke cewa."

Na sunkuyar da kai. 

Sai amarya ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ba zan iya tashi ba. Ko hawayena ba zan iya sharewa ba, an ɗaure ni. Ku kuma kuna ta magana a saman kaina kamar ba na nan." Ta dubi babanta, ta dubi kakarta. "Hannuna ne. Ni zan shiga ofis da shi." Ta dube ni. "Sa mai gida biyun."

 Kakar ta miƙa hannu ta jawo sandarta. Wata yarinya ta yunƙura za ta taimaka mata, ta ture hannun. A hankali take tashi, gwiwa ɗaya bayan ɗaya, kuma kowa ya san in ta shiga ɗakinta ba za ta fito ba har a watse. Ƙawata ta ce, "Sitti," sau ɗaya, ba ta ƙara ba.

Na goge hannun da kyau, na hura masa iska, na ɗago salatif ɗin daga faranti na shimfiɗa. Na danna gefunansa da farce. Tafin ya zama baƙi, sai tagogi biyu da fata ke leƙowa ta ciki.

Hanyar ɗakin kakar ta gefenmu take. Da ta iso kanmu sai ta tsaya, ta dogara da sanda tana kallon hannun daga sama. Ta ce, "Wannan baƙin da ke tsakani, me zai fito a wurin?"

Na ce, "Fata ce kawai, Hajiya. Ba komai."

"Ba komai," in ji ta. Ta sunkuyo har na ji ƙamshin gahawa a numfashinta, ta ɗora yatsa a kan salatif ɗin, can gefen hagu sama da Zirin Gaza, ta danna da farce. "Buɗe nan."

Rezar na hannuna. Na dubi amarya, idonta a rufe. Na dubi Mama, ta kau da kai. Na dubi uban. Ya daɗe a tsaye a bakin ƙofar, har na ji an yi tsawa daga nesa. Sai ya cire takalmansa ya tako cikin mata, ya zaro tabarau daga aljihu ya sa, ya durƙusa kusa da ni. Na ɗauka hannun uwarsa zai janye.

Ya ce, "Ba nan ba ne, Umma. Kin jefa gidan kakana cikin teku."

"Kai za ka gaya mini inda aka haife ni?"

"Ke a kafaɗa aka fito da ke. Ni da ƙafata na je na tsaya a wurin." Ya kama yatsanta, ya ja shi sama kaɗan, ya matsar da shi ciki. "Nan. Arewa da birnin Yafa."

"Ka je ka dawo ka ce mini babu komai."

"Ban ce babu komai ba. Cewa na yi akwai gidaje, akwai yara suna wasa a ƙofa, kuma a nan aka haife su su ma. Shi ne kika daina yi mini magana."

 Yatsanta na nan inda ya ajiye shi, nasa a kai.

Ba a yanka salatif a kan fata. Na ɗaga gefensa a hankali har zuwa wurin, na zura bayan ƙaramin cokali a ƙarƙashi don kada in yanke ta, na ɗora tsinin reza. Na huda kamar ƙwayar gero.

Kakar ta ce, "Ƙara."

Uban ya ce, "Ya isa."

Na ɗan ƙara, bai kai yadda take so ba, ya wuce yadda yake so. Ba wanda ya ce mini na yi daidai. Na mayar da salatif ɗin na danne.

Mama ta miƙo kwano ba tare da an ce mata ba. Kakar ta ba ɗanta sandar ya riƙe, ta lakato lalle da yatsa, ta yi bisimilla ta ɗora a kan 'yar hudar. Tagogin biyu ba ta taɓa su ba, Mama ce ta shafe su. Muka naɗe da leda muka ɗaure. Aka kawo wa tsohuwar kujerarta kusa, ta zauna. Ba ta ja waƙar ba. Uban ya koma bakin ƙofa, amma bai fita ba, a nan ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango.

Jiran lalle jira ne mai tsawo. Ruwan sama ya sauko, ya yi ta dukan taga, ya ɗauke. Aka yi sallar la'asar. Mata suna magana ƙasa-ƙasa kamar a gidan da ake jinya. Ni ina ta tunanin gumin hannun, ko salatif ya ɗaga, ko lallen ya malala ya haɗe abin da bai kamata ya haɗe ba, sai kowa ya ce da gangan na yi. Anti ta raɗa mini, "Ki ci wani abu, fuskarki ta yi fari fat." Na kasa.

Rana ta yi ƙasa lokacin da Mama ta taɓa ledar ta ce ya yi. Muka kwance ƙafa da hagu, mata suka yi guɗa irin tasu, gajeriya. Na kwance dama. Na kankare busasshen lallen da bayan cokali, na kama gefen salatif na ɗaga a hankali. Bai malala ba. Ga babban yankin, ga siririn, jajur, gefunansu a tsaye. Ga ɗigon shi kaɗai a cikin farar fata, ya ma fi su duhu, don kakar ta cika masa lalle.

Uban ya taso ya duba. Ya ce da 'yarsa, "In suka tambaye ki a ofis, me za ki ce?"

Ta ce, "Zan ce wannan ƙasar da muke nema ce, wannan kuma ƙauyen kakata ne."

Ya sake duban hannun. Can ya ce, "To ki faɗa musu sunansa daidai. Kada ki faɗe shi da bakin 'yan Amurka."

Kakar ta jawo hannun zuwa cinyarta ta kawo shi kusa da ido. Ta ce, "Ya yi ƙanƙanta." Ba ta sake shi ba. Ta faɗi sunan ƙauyen, da wani harafi da ke fitowa daga can cikin maƙogwaro. Ƙawata ta maimaita. Kakar ta girgiza kai ta ce ba haka ba, ta sake faɗa. Ƙawata ta sake gwadawa, uban ya gyara mata wasalin tsakiya, kakar ta ce shi ma bai iya ba. Suna nan a haka su uku lokacin da Mama ta miƙo mini kwanon ta ce in je in wanke kafin ya bushe.